Maniru Ya Ɗaga Waƙafi Sama

A gyara zama, mai ɓarar gyaɗa ya ajiye, labarin nan ba ya son a katse shi.

A Bodinga an yi wani saurayi mai suna Maniru. Ya tafi Kaduna koyon kwamfuta wata uku, ya dawo da jaka a baya, da tabarau alhali idonsa lafiya lau, da sunan Injiniya wanda shi ya raɗa wa kansa a cikin mota. Tafin hannunsa laushi kamar na jinjiri. Mutumin nan bai taɓa ɗaure akuya ta kwana a ɗaure ba. An taɓa ba shi tocila ya canza mata batir, ya maido ta gida uku. Amma in ya buɗe baki, sai ka rantse shi ya koya wa jirgin sama tashi.

Kawunsa Tasi'u, manomin albasa a Kajiji can ƙasar Shagari, shi ya riƙo hannunsa ya kai shi ofishin Ƙungiyar Manoman Albasa ta Haɗa Kai. Ya durƙusa gaban Ciyaman, Alhaji Ubaidullahi, ya ce ga ɗan ƙanwarsa, a taimaka a ba shi kujera. Ba wai ya yarda da shi ba ne. Uwar ce ta hana shi sakat da kuka.

A ofishin akwai wata tsohuwar kwamfuta, shekararta goma sha huɗu, kowa Uwa yake ce mata. Tana da ɗiya biyu, wato ƙananan kwamfutoci, ɗaya a Shagari, ɗaya a Dingyadi. Duk manomin da ke son taki sai ya je wurin ɗiyar da ta fi kusa da shi, ya faɗi abu biyar: sunansa, sunan ubansa, ƙauyensu, shekarunsa, da buhu nawa yake so. A fuskar kwamfuta za ka ga kowane abu a gurbinsa, kamar fangalin albasa, kowanne da iyakarsa. To amma in ɗiya za ta aika wa Uwa, ba ta iya aika fangali da iyakarsa. Sai ta jera abu biyar ɗin a layi ɗaya kamar igiya, ta sa waƙafi tsakanin kowanne, wato ɗan ɗigon nan mai wutsiya da ke zama a ƙasan rubutu. Uwa kuma ba ta san kowa ba, waƙafi kawai take ƙirgawa. Ta ga na farko, ta ce suna ya ƙare. Ta ga na biyu, ta ce uba ya ƙare. Haka har ta kai buhu. Ɗiya kuwa da ta miƙa ta manta, ba ta riƙe komai.

Aibin abin guda ne. In wani ya rubuta waƙafi a cikin sunan ƙauye, kamar ya ce Mandera, gabas, sai Uwa ta ɗauka an shiga sabon gurbi. Wannan yakan faru sau biyu a shekara, Malama Safinatu, wadda ta shekara goma sha ɗaya gaban Uwa, ta gyara da yatsa ɗaya ba tare da ta ajiye kofin shayinta ba. Ta kuma manna takarda a goshin kowace ɗiya: KADA A SA WAƘAFI. Shi ke nan. Ba wanda ya taɓa rasa takinsa.

Ranar Litinin ta biyu da zuwansa Maniru ya ji labarin takardar. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Innalillahi! A wannan zamanin? Sistam ɗin da ke tsoron waƙafi?"

Safinatu ta ce, "Ba tsoro take ba. Ba ta so dai."

"Malama, ba za ki gane ba. Matsalar siriyalizeshin ce."

"Siri wa?"

"Yadda ake jera data a aika."

"To ka ce jeri mana. Mi ak kawo siriri ciki?"

Bai kula ta ba. Ya wuce kai tsaye ɗakin Ciyaman.

A makon nan kuwa ba makon wasa ba ne. Ranar Alhamis motar taki za ta zo, buhu ɗari tara. Dokar kamfanin da ke kawowa a bayyane take: wakilinsu ba ya sauke buhu ko ɗaya sai ga sunan da ke kan takardar da Uwa ta buga, kuma da an kira la'asar mota ta wuce gaba da abin da ya rage, akwai wasu masu jira. Dashen albasa ya yi mako uku a ƙasa, daidai lokacin da yake neman taki. Wanda ya rasa a makon nan, albasarsa za ta fito ƙanana kamar ƙwan kurciya. Tasi'u ma ya dasa fadamarsa kaf, buhu biyu kawai yake jira.

Maniru ya tsaya gaban Ciyaman ya zuba. Ya ce takardar da ake minti arba'in ana bugawa zai sa ta fito a huɗu. Ya ce a duk faɗin Sakkwato ba ƙungiyar da za ta kama ƙafarsu. Ya ce 'yan rediyo da kansu za su zo neman Ciyaman.

Alhaji Ubaidullahi mutum ne mai son rediyo. Ya gyara hula.

"Rediyo kac ce?"

"Har da hoto a waya, ranka ya daɗe."

"To mi za ka yi mata?"

Maniru ya ɗaga yatsa sama. "Waƙafin zan ɗaga. Na ƙasa kowa na rubuta shi, shi ya sa ake rikici. Sai in sa na sama, mai ratayewa a kan rubutu, ya zama shi ne iyaka. Wa ke rubuta waƙafin sama? Ko Turawa sai jefi-jefi."

Safinatu da ke bakin ƙofa ta ce, "Ranka shi daɗe, ai sunayen mutanenmu..."

"Malama, don Allah kar ki katse ni, ina tsakiyar tunani."

"Ciyaman, ka bari in gama. Rabin mutanen Shagari..."

Ciyaman ya ɗaga hannu. "Safinatu, kin yi naki shekara goma sha ɗaya, mun gode. Bar mai ilimi shi yi aikinai. Tahi gida ki huta sai Alhamis."

Ta dube su su biyu, ta ɗauki jakarta. Ta ce, "Allah shi ba da sa'a." Ta danna tsakiyar kalmar yadda ko kurma zai ji an yanka ta biyu. Maniru ya ce amin da ƙarfi.

Tana fita ya zauna a kujerarta. Ya buɗe cikin Uwa, ya cire waƙafin ƙasa, ya sa na sama. Ya kuma canza kalmar sirri don kada wani marar ilimi ya ɓata masa aiki. Duka abin bai kai tafasar ruwan shayi ba, amma ya wuni a kujerar yana huci, yana aika a sayo masa lemo mai sanyi.

Talata da safe ya ari babur ya nufi Shagari. Ya canza wa ɗiyar can waƙafi, ya ɓalle takardar da ke goshinta, ya yayyaga a gaban manoman da suka yi layi, ya ce daga yau kowa ya rubuta abin da ya ga dama, an shiga zamani. Saura Dingyadi. A hanya ya tsaya wurin mai shayi don ya ɗan jiƙa maƙoshi. Ya tarar da mutum shida ba su san ko shi wane ne ba, ya ga bai kamata ya bar su cikin duhu ba. Awa uku yana yi musu bayani. Da ya tashi, mai babur ya bugo waya yana neman kayansa. Maniru ya duba hanyar Dingyadi, ya ɗaga kafaɗa.

"Za ta gane da kanta. Ai uwarsu ɗaya."

Talata da Laraba manoma suka yi ta ba da suna. Laraba da yamma ɗiyan biyu suka miƙa wa Uwa kayansu suka manta. Maniru bai ko leƙa ba. Yana wurin tela yana jiran a gama masa farar shadda.

Alhamis tun hantsi fili ya cika a gaban ofis. Babura, amalanke, jakuna, 'yan Kajiji, 'yan Mandera, 'yan Dingyadi. Mota ta tsaya da kayanta lulluɓe da tamfol. Wakilin kamfani, wani dogo marar fara'a mai suna Bashar, ya zauna a inuwarta yana duba agogo. A da Safinatu ke miƙa masa takarda ya yi ta kira a hankali. Yau Maniru ya ce bai yarda ba. Ya aro lasifika, ya hau kan benci cikin sabuwar shadda, ya ce shi zai karanta da bakinsa don a san inda aka dosa.

Gaskiya takarda ta fito da wuri, wannan kam ba a hana shi ba.

"Ummaru Garba! Mandera! Shekara hamsin! Buhu uku!"

Ummaru ya ɗaga hannu. Aka yi tafi. Ciyaman ya waiga ya dubi Safinatu. Ita kuwa tana zaune a bakin taga tana yankan farce.

Ya kira biyu, ya kira uku, lafiya. Ya ƙara murya.

"Tasi!"

Ba wanda ya ɗaga hannu.

"Tasi! Ɗan... ɗan U!"

Wani ya ce daga baya, "Ɗan wa?"

"U. Haka aka rubuta. Daga ƙauyen Idi."

"Ina ne ƙauyen Idi?"

"Ni ban taɓa jin shi ba, ni da nike dillancin jakai ƙasar ga dut."

Maniru ya matso da takardar kusa da tabarau. "Shekarunsa... shekarunsa Kajiji. Buhu sittin da biyu."

Can tsakiyar taro wani dattijo ya miƙe a hankali, yana kaɗe bayan rigarsa. Kawu Tasi'u ne.

"Maniru. Idi ubana na. Yaushe yaz zan ƙauye?"

"Kawu, ka ɗan..."

"Sittin da biyu kau shekaruna na. Buhu biyu nic ce."

Abin da ya faru ba wuya gare shi. Uwa ta ga waƙafin sama a tsakiyar Tasi'u, ta ce to suna ya ƙare. Ta ɗauki guntun da ya rage ta ba shi gurbin uba, ta tura uba gurbin ƙauye, ƙauye gurbin shekaru, shekaru gurbin buhu. Buhun gaskiya kuwa ya faɗa waje. Ba laifinta, abin da aka ce ta yi ta yi.

Akwai wata tsohuwa, Inna Zulai, gwauruwa mai noman fadamar marigayi mijinta da hannunta, bakinta ya fi lauje kaifi. Ta tafa hannu.

"Tasi'u! Shekarunka Kajiji? Wallahi ka tsuhwa, bawan Allah!"

Fili ya ɗauki dariya. Maniru ya ce ƙaramin kuskure ne, a yi shiru, ya wuce na gaba da sauri.

"Rabi!"

Mata suka waiwaya suna duban junansu.

"Rabi, uba U, ƙauye Mu, shekara Azu..."

Wani ƙato mai gemu har ƙirji ya ture mutane ya fito. "Rabi'u Mu'azu nike! Wa ar Rabi? Kai, dube ni da kyau, wa ar Rabi?"

"Yi haƙuri, malam. Buhunka... buhunka Mandera."

Inna Zulai ta ce, "Barka, Rabi! An ba ki Mandera dut. Amalanke nawa kika zo da shi?"

Sai da mutum uku suka riƙe Rabi'u.

Daga nan abin ya ɓalle. Malam Sa'adu, mai limancin unguwarsu, aka kira shi Sa ɗan Adu, 'yan baya suka hau kukan shanu. Shu'aibu ya fito Shu ɗan Aibu, ya ce ubansa ya rasu da mutuncinsa, sai an gaya masa aibin da ya yi. Wata A'ishatu aka kira ta A kawai, ta amsa da "A'a!" Amma da aka ce Sa ɗan Adu yana da buhu saba'in da ɗaya, sai wani ƙanensa ya raɗa masa magana a kunne. Malam Sa'adu ya yi gyaran murya.

"To, in dai haka takarda tac ce, ni ban ja da hukuma. Ni na Sa. A ba ni."

Bashar ya taso daga inuwar mota, ya fizge takardar, ya duba ƙarshenta.

"Takardarku ta ce buhu dubu tara da wani abu, da Mandera guda, da Kajiji biyu. Ni ɗari tara na ɗauko. Ba na sauke ko tsinke a kan wannan."

Kafin a amsa masa, Arzika, jagoran 'yan Dingyadi, ya ce su fa ba su ji nasu ba. Maniru ya karɓi takarda ya juya shafi. Nan ya ga aikin mai shayi. Ɗiyar Dingyadi ba ta gane komai da kanta ba, da waƙafin ƙasa ta aiko kamar kullum. Uwa kuma yanzu ba ta san shi ba, sai ta cusa layin kowa gaba ɗaya a gurbin suna, sauran gurabe huɗu fayau.

Maniru ya ja numfashi ya karanta, "Arzika Bala Dingyadi arba'in da biyar huɗu."

"Awo, ni na. Buhu nawa?"

"Wannan duka sunanka ne. Buhu babu."

"Sunana ya yi tsawo haka, kuma ba buhu?"

Mai hankali a nan zai sauko daga benci ya nemi gafara. Maniru sai ya gyara lasifika.

"Jama'a, ku fahimta. Sistam ba shi da matsala. Sunayenku ne ba su dace da shi ba. Duk mai waƙafin sama a sunansa, da zai daure ya sauke shi na yau kawai..."

Kawu Tasi'u ya ce, "Da rago anka raɗa min shi."

"Kawu, a ƙasashen da suka ci gaba..."

"Da rago, Maniru. Kakanka yay yanka. Kai mi kay yanka?"

Ciyaman ya jawo shi ta gefen riga, hula ta karkace. "Kai, ɗan nan, ka shiga ka gyara tun ban manta kawunka mutumin kirki na ba."

"Minti biyar, ranka ya daɗe."

Ya shiga ofis da gudu, lasifika a rataye a kafaɗa. Safinatu ta ce ya ba ta kalmar sirri. Ya ce mata aikin ya wuce matakinta. Ya umarci Uwa da ta ɓoye duk layin da bai tashi gida biyar daidai ba. Takarda ta fito 'yar siririya, tsaf, ba Tasi, ba Rabi, ba Sa. Ya fito yana kaɗa ta sama kamar ya ci kofi.

Ya karanta daga farko har ƙarshe, ba kuskure ko ɗaya. Sai dai fiye da rabin fili ba a kira su ba. 'Yan Dingyadi ba ko mutum guda.

Ciyaman ya ce, "Ban ji nawa ba."

"Ai Ubaidullahi ba shi da..." Maniru ya tsaya. "Ranka ya daɗe, yaya sunan mahaifinka?"

"Isma'ila."

Inna Zulai ta ce, "Allahu akbar. Ƙungiya ta kori Ciyaman."

Waɗanda aka kira suka ce a sauke musu nasu su tafi. Waɗanda ba a kira ba suka tsaya gaban mota suka ce ba buhun da zai motsa. Bashar ya koma inuwa, ya ce su sasanta kansu, shi dai agogonsa na tafiya. Aka kira azahar, aka yi salla kowa na hararar na kusa da shi.

Ana sallamewa Maniru ya tashi da sabuwar dabara, fuska na sheƙi. Ya ce ya gano tushen ciwon. Tunda waƙafin sama ne ke yanka sunaye, to a share shi gaba ɗaya, Tasi'u ya koma Tasiu, kowa ya huta. Ya faɗa kujera, ya buga umarni.

Safinatu ta leƙo ta kafaɗarsa, ta ga abin da ya rubuta. Ta yi ƙara, "Kada ka danna! Iyakar ma shi na!"

Ya danna.

Uwa ta share na cikin sunaye. Ta share na tsakanin suna da uba. Ta share na tsakanin ƙauye da shekaru da buhu. Ai duk iri ɗaya ne, ita ina ta san bambanci? Layin 'yan Shagari kowanne ya manne ya zama dunƙule guda. Na kawu ya fito haka: TasiuIdiKajiji622.

Safinatu ta tambaye shi a hankali, "Ka aje kwafi kahin ka taɓa?"

"Masu shakkar kansu ke ajiye kwafi."

"A nemo wurin ɗiyan?" Ciyaman ke tambaya daga ƙofa.

"Ranka shi daɗe, ɗiya ba ta riƙo. Wanga shi kaɗai muke da."

Abin da Maniru ya manta shi ne lasifikar da ke kafaɗarsa a kunne take. Duk fili ya ji. Maza suka fara waige-waigen neman sanda.

Inna Zulai ba ta jira maza ba. Ta shigo ofis da zanenta ɗaure a ƙugu, ta kama kunnen Injiniya, ta ɗaga shi daga kujera kamar mai ɗaga zomo.

"Ba ta mabuɗin."

"Inna, kalmar sirri ce, ba a faɗa a gaban..."

Ta murɗa.

"Maniru gwani! Maniru gwani ɗaya biyu uku!"

Lasifika ta kai shi har bakin titi. Masu sayar da rake ma sun ji.

Safinatu ta zauna, ta gyara mayafi, ta maido da waƙafi ƙasa inda yake tun farko. Nan take 'yan Dingyadi suka fito reras, mutum ɗari da ashirin, kowa a gurbinsa, ba ko ɗigo da ya kauce. Su ne kaɗai hannun Maniru bai kai gare su ba. Ta buga tasu, Bashar ya duba, ya sa a kwance tamfol.

Arzika ya leƙo ta taga da buhu a kafaɗa. "Injiniya, mun gode da ka manta da mu. Don Allah baɗi ma ka manta."

Saura 'yan Shagari, mutum ɗari biyu da tamanin, kowanne a dunƙule. Ba wata dabara sai hannu. Safinatu ta jera su bisa harafi, ta fara daga A. Ta raba suna da uba, ta raba ƙauye, in ta zo kan lamba ta kira mai ita ta taga.

"Abdu na Mandera! Huɗu, biyat, ɗaya, biyu. Shekara arba'in da biyat buhu goma sha biyu?"

"Awo!"

Inna Zulai ta ce, "Ƙarya yake! Gonarshi ba ta kai tabarma ba!"

"To biyu na. Ɗayan nan kuskure na."

Haka aka yi ta yi. Yatsun Safinatu na gudu, gumi na zuba, ba wanda ya kawo mata ko ruwa sai Rabi'u Mu'azu. Maniru ya matso sau biyu yana cewa akwai hanya mafi sauri. Na farko aka yi kamar ba a ji ba. Na biyu Rabi'u ya ɗauke shi cak ya ajiye a waje.

Ta wuce B, ta wuce M, ta wuce R. Inuwa ta fara tsawo. Tana kan Sa'adu ladan ya ɗaga murya. Ciyaman ya bi Bashar har wurin alwala yana ranka shi daɗe, shi da a girme ya isa ya haife shi. Bashar ya ce albarkacin salla ya ƙara minti goma, bayan nan ko gwamna ne sai dai ya bi mota da gudu. Safinatu ta ƙarasa S, ta gama Shu'aibu, ta buga takarda. Harafi na gaba T ne.

Aka sauke na waɗanda suka samu shiga. Aka ɗaure tamfol a kan sauran. Mota ta tashi.

Mutum arba'in da ɗaya suka tsaya hannu wofi. Akwai Ummaru Garba, wanda aka yi wa tafi da safe. Akwai Inna Zulai. Akwai Ciyaman da kansa, wanda ya zauna a kan benci ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Akwai kuma wanda sunansa ne na farko a cikin T, mai buhu biyu.

Maniru ya lallaɓa ta bayan ofis, ya tsallake kwata, shadda ta kama ƙaya ta yage. Ya fito lungu yana murna ya tsira. A bakin lungun ya ishe kawu Tasi'u zaune a kan babur, inji na aiki.

"Kawu, in ka duba ta fuskar fasaha..."

"Hau."

"Jakata tana..."

"Hau, Maniru."

Ya hau. Kawu ya ja babur sai Kajiji.

Albasa ba ta jiran bayani. Tunda na buhu ya wuce, sai na dabba. Washegari da sassafe kawu ya miƙa masa jaki da mangala da shebur, ya nuna masa hanyar rugar Fulani, tafiyar awa guda. Sawu shida a rana. In ya gama fadamar kawu, Inna Zulai ta aiko cewa tata na jira, bayanta Ummaru, bayansa Ciyaman. Sauran talatin da bakwai sun ce ba sa gaggawa, za su bi layi bisa harafi.

A rana ta uku tafin hannun nan ya fashe, tabarau ya faɗa cikin kashin shanu an bar shi can. Maniru ya dawo sawu na huɗu, ya tsaya yana kallon yadda kawu ke ɗaure mangala a bayan jaki. Ya karkata kai. Ya zagaya ta ɗaya gefen. Ya yi ɗan tsaki.

"Kawu, ka san wannan ɗaurin tsohon yayi ne? Da za a ɗaga igiyar nan sama kaɗan..."

Kawu Tasi'u ya saki igiya. Ya ja da baya taku biyu, ya sunkuya ya ɗauki shebur, ya riƙe shi da hannu biyu.

"Taɓa ta," in ji shi. "Don girman Allah, Injiniya, taɓa ta."